Uku Biyu Ce a Rana

Ran da Tsahara ta tafi Tibiri goyon ciki
ta bar mini tukunya, ta bar mini ludayi,
amma ta tafi da ɗan yatsan nan nata
mai zungurar haƙarƙarina ƙarfe ukun dare:
"Tashi, ƙullu ba ya jiran mai minshari."

Kwana biyu ina makara gidan burodi.
Alhaji Mati bai ce mini uffan ba,
ya dube ni, ya dubi tanda,
ya dubi masu shayi tsaye da kwalaye wayam.
Gara zagi da wannan kallo.

Sai kasuwa, rumfar Sha'aibu mai kayan wuta.
Ya miƙo ƴar akwati, ba ta kai sandar sabulu ba,
baƙa, da eriya kamar tsinken tsire.
"Ga agogo, ga rediyo, ga zakara, a ciki ɗaya."
Ya ce jikka biyar, na taya uku, ya ce albarka,
muka rabu a huɗu, da pil biyu gyara.

Takardar cikinta rubutun Sin ne,
sawun kaji bayan an ɗauke ruwa.
A baya Faransanci, ni da shi sai gaisuwa.
Na ɓalle murfi da farce, na kwantar da pil,
kan wannan a ƙafar wancan
kamar yara a tabarma ɗaya.
Sai ta buɗe ido tana ƙiftawa:
sha biyu, sha biyu, sha biyu,
alhali yanzu aka sallame la'asar.

Nafi'u ɗan maƙwabta, ɗan lakwal, ya leƙo:
"Kawu, danne nan, kar ka saki sai lamba ta yi rawa.
Wannan awa, wannan minti.
In ka wuce babu ja da baya, sai ka zagayo."
Sau biyu ina wuce ukun nan,
ina zagaye kamar baƙo a lungunan Mokoyo.
Sannan muka murɗa neman tasha:
shuu, ƙwallo, shuu, wa'azi,
ga cigiyar akuya ja mai yankakken kunne.
Na ce bar ta nan.

Na kwanta da gaba gaɗi.
Hantsi ne ya tashe ni, yana lasar goshina,
ita kuwa tana gefen filo, shiru kamar ta ci shirwa.

Ƙarfe ukun rana, ina gindin bedi
ina lissafin abin da aka yanke mini,
sai ga ta daga ɗaki ta ɓarke da sanarwar ɗaurin aure.
Nafi'u ya yi dariya har da riƙe ciki,
ya nuna wasu haruffa biyu a kusurwa,
ƙanana kamar ƙwayar riɗi:
"Uku biyu ce a rana, Kawu. Ta rana ka ba ta."

Muka gyara.
A ukun dare tasha ba ta buɗe ba,
sai shuu, kamar yayyafi kan kwano.
Ya ishe ni.
Akwai wani faffaɗan maɓalli a kanta
mai ba da bashin minti tara;
na ci bashin nan har ya kusa cinye ni.
Sai na mai da ita kan murfin randa, can bakin ƙofa:
kafin hannu ya kai gare ta
ƙafa ta taka sanyin ƙasa,
ga buta kuma a kusa.

An yi arba'in, Tsahara ta dawo da Zuwaira.
Ita ba pil, ba eriya, ba maɓalli,
biyu da rabi take buɗe tasharta
har gidan su Nafi'u ana kamawa.

Har yau ina saita ƴar akwatin kowane dare,
sabo ne, ko kuwa tausayin jikka huɗu.
In ta ce shuu, sai ta tarar da mu uku ido biyu.
Tsahara ta ce, "Kashe ta, ta makara,"
ni kuwa ina laluben takalmi.